Idan Ƙafa Ta Manta Taku, Kunne Na Iya Tuna Mata

Jama'a masu sauraro, na cikin garin Dakoro da na Kwarnaka, da Birnin Lalle da Sabon Mashi, har zuwa rugagen kwarin Tarka da na Gadabeji.  Sharhinmu na yau ya shafi 'yan'uwanmu da tafiya ta zame wa jan aiki, da kuma wani taimako da ke cikin gidajenmu wanda har yanzu ba mu ba shi matsayinsa ba.

Da wuya a sami unguwar da babu irin waɗannan bayin Allah. Akwai dattijon da hannunsa ke karkarwa ko yana zaune, bayansa ya ranƙwafa, takunsa ya gajarce. Zai taso daga gida lafiya lau, amma da ya iso bakin ƙofar masallaci sai ƙafafun su kafe, su ƙi ɗaguwa, mutane na bayansa suna jira, shi kuwa gumi na keto masa don kunya. Akwai uwar da hawan jini ya kayar, ɓarin jikinta ya shanye, ta tashi tana jan ƙafa ɗaya. Akwai yaron da ya sha da ƙyar daga sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai hawa ka, ya warke amma yana tafe yana tangaɗi.

Abin da muka saba yi musu shi ne mu shimfiɗa tabarma a inuwa, mu ce, "Baba, kwanta ka huta, me za a kawo maka?" Da tausayi muke yi, babu shakka. Sai dai jikin da ya daɗe a kwance tsokarsa zubewa take yi, gaɓoɓinsa su sandare, tsoron faɗuwa ya ƙara kama zuciya. Wanda bara yake zuwa kasuwa da sandarsa, bana sai ka tarar ko bayan gida sai an ɗauke shi.

Don mu gane inda taimakon zai shigo, bari mu duba yadda tafiya take. Ƙarfin ƙafa rabin aikin ne. Sauran rabin lokaci ne: yaushe dama za ta tashi, yaushe hagu za ta sauka, yaushe nauyin jiki zai koma daga wannan gefe zuwa wancan. Baligi mai lafiya kan yi taku 100 zuwa 120 a minti ɗaya, bai ƙirga ko guda ba, domin can cikin ƙwaƙwalwarsa akwai sassan da ke riƙe masa lokacin. Ku ɗauke su tamkar wani makaɗi da Allah ya zaunar a cikin kan kowannenmu, yana buga wa ƙafafu ganga ba tare da mun ji ba.

A cutar karkarwa, wadda likitoci ke kira da sunan James Parkinson, likitan birnin Landan da ya bayyana ta a 1817, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin ne ke mutuwa a hankali. Sai bugun makaɗin nan ya yi rauni, wani lokaci ma ya ɗauke ɗif, kuma a daidai lokacin ne ƙafa ke kafewa. A shanyewar ɓarin jiki, jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, sai ƙafa ɗaya ta riƙa makara, takun ya karkace. In kuwa ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya ce ta taɓu, wadda aikinta daidaita motsi, sai wannan taku ya yi tsawo, wancan ya gajarce, mutum ya yi ta layi.

To ga inda rahamar Allah take. Hanyar da sauti ke bi daga kunne tana da mahaɗa da sassan ƙwaƙwalwa masu sarrafa motsi, kuma sau da yawa cutar kan bar wannan hanya lafiyayya. Idan kunne ya ji bugu mai maimaituwa a kan tazara guda, nan da nan ƙwaƙwalwa ke gane tazarar, ta san lokacin da bugu na gaba zai zo, ta shirya tsoka tun kafin ya sauka. Wato in makaɗin ciki ya gaza, ana iya aro na waje.

Mu a nan babu wanda zai koya mana cewa kiɗa na jan jiki. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya ga aikin gangar noma: samari sun jeru, hauya na tashi tare tana sauka tare, wanda ya gaji ma kiɗan na jansa har ƙarshen gona. Ku saurari mata biyu ko uku a kan turmi ɗaya suna lugude. Kowace taɓarya da lokacinta, ba ta karo da 'yar'uwarta, har mace ta cilla tata sama ta tafa ta cafe, bugun bai ɓace ba. A arewacinmu kuma, wurin bukin Buzaye, mata kan ɗaure fata a bakin turmi su yi kiɗan tande, raƙuma na zagaye su suna jefa ƙafa a kan bugun. Wannan sani ne da muka gada kaka da kakanni. Abin da masu bincike suka ƙara a kai shi ne awo, da kuma kai shi ɗakin marar lafiya.

A shekarun 1990 wani masani mai suna Michael Thaut da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Kolorado ta Amurka suka duƙufa a kan wannan batu. A binciken da suka wallafa a 1996, sun ba masu cutar Parkinson kaset ɗin kiɗa mai bugu daidai, suka sa su tafiya a kansa minti 30 kullum a gidajensu. Bayan mako 3, saurin tafiyarsu ya ƙaru da kashi 25 cikin 100, tsawon takunsu kuma da kashi 12, fiye da abin da aka gani ga waɗanda suka yi atisaye babu kiɗa. A 1997 suka gwada a kan masu shanyewar ɓarin jiki na tsawon mako 6, nan ma masu bin bugu suka yi wa sauran zarra. A 2017 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje da dama, ta ce wannan hanya na iya ƙara wa mai shanyewar ɓarin jiki kimanin mita 11 a minti ɗaya. Ga mai lafiya mita 11 ba abin faɗi ba ne. Ga matar da ke shafe lokaci mai tsawo daga ɗakinta zuwa zaure kuwa, wannan ne zai iya mayar da ita gidan suna da gidan gaisuwa.

Akwai wani binciken da nake so ku riƙe da kyau, domin darasinsa namu ne. A 2007 aka wallafa sakamakon wani gwaji a kan masu cutar Parkinson 153 a Ingila da Beljiyam da Holan. An koya musu tafiya a kan bugu a cikin gidajensu na mako 3, tafiyarsu ta gyaru, kafewar ƙafa ta yi sauƙi. Da aka dakatar da horon, aka sake auna su bayan mako 6, sai aka tarar amfanin ya fara gushewa. Ma'ana, abin na kullum ne, na iyali ne. Shi ya sa a wasu ƙasashe aka mayar da shi hulɗar jama'a: tun 2001 ake da ajin rawa na masu wannan cuta a unguwar Brooklyn ta birnin New York, wasu masu bincike kuma suka nuna rawar tango ta ƙasar Ajantina na taimaka musu wajen tsayuwa daidai.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗi iyakar abin. Kiɗa ba ya warkar da cutar Parkinson, ba ya rayar da ƙwayoyin da suka mutu, kuma ba ya maye gurbin maganin lebodofa da likita ke rubutawa, ko maganin hawan jini. Hujja ta fi ƙarfi a kan cutar karkarwa da shanyewar ɓarin jiki. A kan masu tangaɗi saboda ƙaramar ƙwaƙwalwa, da yaran da aka haifa da lalurar motsi, gwaje-gwajen da aka yi ƙanana ne, don haka sai a gwada a hankali a ga ko jikin ya amsa. Wanda shan inna ya shanye wa ƙafa kuwa, matsalarsa tsokar ce ta rasa ƙarfi, abin da yake buƙata takalmin ƙarfe ne ko sanda ko keke. Saboda haka matakin farko shi ne a san cutar. A kai mutum likita, a asibitin gunduma na Dakoro ko cibiyar lafiya mafi kusa, a auna jininsa, a ji abin da ke damunsa. In kuma ka ga baki ya karkace farat ɗaya, hannu ya saki, magana ta sarƙe, wannan ba ranar kiɗa ba ce, ba kuma ranar hayaƙi da shafe-shafe ba ce. A nemi mota ko amalanke a tafi asibiti a take, domin kowace sa'a da ta wuce ƙwaƙwalwa ce ke ƙara lalacewa.

Na san a wurare da yawa in hannun mutum ya fara karkarwa sai a ce jifa ne, ko sammu, ko iska ta taɓa shi, har iyali su riƙa ɓoye shi. Jama'a, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum sama da miliyan 8 da rabi ne ke ɗauke da cutar Parkinson a faɗin duniya. Muhammad Ali, zakaran damben duniya, an gano tana jikinsa a 1984. A 1996 ya fito gaban duniya a birnin Atlanta, hannunsa na rawa, ya kunna wutar wasannin Olamfik, ya kuma rayu da cutar har 2016. Ciwo ne irin na kowa, babu abin kunya a cikinsa.

Yanzu bari mu shiga tsakar gida mu ga yadda ake yi. Mu ɗauka Inna ce ɓarin jikinta na hagu ya shanye, likita ya duba ta ya ce ta fara taka ƙafa. A share wuri, a kawar da taɓarya da tukwane da igiyar awaki. A zaɓi inda ƙasa ta yi tauri, tunda yashinmu na Dakoro ko ƙafar mai lafiya riƙewa yake yi. A sa mata takalmi mai maɗauri a dunduniya, a ajiye silifa gefe. Ɗanta ko wani mai ƙarfi ya tsaya a hagunta, ɗan baya kaɗan, ya riƙe gyalen da aka ɗaura mata a ƙugu. Kada ya ja hannun da ya shanye, domin kafaɗar na iya gocewa.

Kafin a buga komai sai a auna takunta. A bar ta ta yi tafiyarta yadda ta saba, jikarta na duba agogon salula tana ƙirga taku na rabin minti. In ta sami 35, a ninka, ya zama 70 a minti ke nan. To a kan 70 ɗin nan za a fara, domin bugu ne zai zo ya sami Inna inda take. Jikar ta kife ƙwarya ko kwano, ta ɗauki ɗan ice. Bugu ɗaya, taku ɗaya. Ku saurara, zan buga teburin da ke gabana: ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Haka kawai, babu ado, babu salo. Jikar na iya cewa, "Inna, dama, hagu, dama, hagu," har kunnen ya kama. A rana ta farko minti 5 ya isa, a huta, a sake. Ana tafe ana ƙarawa har a kai minti 20 ko 30 a yini, da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ta yi sanyi. In an yi kwanaki ta saba da 70, takun ya daidaita, a ɗaga zuwa 74 ko 75. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga Baba mai cutar karkarwa akwai bambanci, kuma a kula da shi sosai. Shi takunsa gajeru ne masu sauri, wani lokaci har ya riƙa sassarfa jikinsa na rinjaya gaba. In aka ƙara masa saurin bugu, faɗuwa aka jawo masa. Sai a bar bugun daidai da takunsa ko a ɗan rage, a riƙa ce masa, "Baba, miƙa ƙafa, babban taku." A yi horon lokacin da maganinsa ke aiki a jiki. In ƙafa ta kafe a bakin ƙofa ko wajen juyawa, kada a ja shi, kada a tura shi, kada a yi masa tsawa. A ce ya tsaya ya numfasa, ya karkata nauyinsa dama da hagu a kan ƙirge, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, a na gaba ya ɗaga ƙafa. Wasu kuma in an ja musu layi a ƙasa da sanda aka ce su tsallake, nan take ƙafar ke sakuwa, domin ido ma na iya yin aikin da kunne ke yi.

Bayan an saba, sai a koya wa marar lafiya ya riƙe bugun da kansa. Mai buga ƙwarya ya yi shiru na ɗan lokaci, shi kuma ya ci gaba da ƙirgawa da bakinsa, ko ya riƙa rera wata waƙa da ya sani tun ƙuruciya, mai tafiya a kan ƙa'ida ɗaya. Ta haka zai iya fita da abinsa ko babu kowa tare da shi. Amma kada a toshe masa kunne da abin saurare a kan titi, inda 'yan kabu-kabu ke wucewa. In kuma jiri ya kama shi, ko ƙirji ya yi zafi, ko numfashi ya yi wuya, a zaunar da shi, a koma wurin likita.

Cikin masu sauraro akwai waɗanda ke kaffa-kaffa da kiɗa saboda addini, kuma ra'ayinsu abin girmamawa ne. Ina tabbatar musu cewa abin da ƙwaƙwalwa ke buƙata shi ne amo mai daidaito. Tafi ya wadatar, ƙirge da baki ya wadatar, bugun sanda a ƙasa ya wadatar, akwai ma manhajojin salula na kyauta masu yin ƙas-ƙas a kan saurin da aka zaɓa. Haka nan kada wani ya haɗa wannan da bori. Babu girka a ciki, babu kiran iska. Motsa jiki ne, daga cikin neman maganin da addini ya yi umarni da shi.

Me ya sa nake ganin wannan batu ya fi shafarmu fiye da mutanen da suka yi binciken? Domin su suna da masu gashin ƙashi da yawa, mu kuwa namu ƙalilan ne, kuma galibinsu suna Yamai da manyan birane irin su Maraɗi da Damagaram. Daga Dakoro zuwa Maraɗi tafiyar sama da kilomita 100 ce, balle ga wanda zai taso daga ruga. Wane talaka ne zai iya kai mahaifiyarsa can sau uku a mako, ga kuɗin mota, ga masauki, ga gona na jira? A watan Mayu na 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko a kan farfaɗo da masu lalurar jiki, yana kiran ƙasashe su kai wannan hidima har ƙananan cibiyoyin lafiya. Kafin hakan ya iso ƙauyukanmu, ga hanya da ba ta cin ko dala, ba ta buƙatar wutar lantarki, kuma kayan aikinta na rataye a kowane madafi.

Don haka ina da kira ga ɓangarori huɗu. Hukumomin lafiya na jihar Maraɗi su sa ƙwararrun masu gashin ƙashi su koya wa ma'aikatan cibiyoyin lafiya da 'yan sa-kai na ƙauyuka wannan dabara, yadda duk wanda aka sallama bayan shanyewar ɓarin jiki za a nuna wa iyalinsa auna taku da riƙon marar lafiya kafin su tafi gida. Gidajen rediyonmu na karkara su ware minti 10 da safe su sa bugu mai daidaito, a sanar da saurinsa, don masu horo a gida su zaɓi wanda ya dace da su. Makaɗanmu na ganga da kalangu da ƙwarya su naɗa mana kiɗan tafiya kala uku, mai sanyi da matsakaici da mai ɗan sauri, a riƙa turawa ta salula. Amma ina roƙonsu su danne hannu, su bar gwaninta da sauya salo, domin Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma ga marar lafiya sauyin bazata faɗuwa ce. Malamanmu kuma su tunatar da mu a wa'azi cewa tsayawa minti 20 a riƙe tsoho yana koyon tafiya na cikin kyautata wa iyaye.

Kira mafi girma na iyali ne, domin duk abin da na lissafa in babu mai buga ƙwarya kullum, ba zai je ko'ina ba. A raba aikin tsakanin 'ya'ya da jikoki, wannan ya ɗauki safe, wancan ya ɗauki yamma. A rubuta adadin takun a takarda duk ranar Juma'a, don marar lafiya ya ga ci gabansa da idonsa, likita ma ya gani in an koma. Wani zai samu sauƙi mai yawa, wani kaɗan, gwargwadon cutarsa da ikon Allah. Amma duk takun da aka ƙwato, ɗawainiya ce ta ragu a kan iyali, mutunci ne kuma ya dawo wa mai shi. In akwai irin wannan marar lafiya a gidanku, ku fara da kai shi a duba shi cikin wannan mako, ku tambayi likita ko ya isa fara taka ƙafa, in ya amince ku soma ƙirga takunsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.